Gaiwa a Cikin Katanga

Tun da wuri bari in faɗa muku, don kada ku wahala kuna neman wawan da ke cikin wannan labari: ni ne. Na ga gara in faɗa da bakina, domin in na bari kakarku Hajara ta riga ni, sai ta ƙara gishiri.

Abin da ya zaunar da ni rubutu da wannan bokon nawa na aji huɗu shi ne abin da kuka nuna mini a waya kwanan baya. Wani kifin teku ne, dogo kamar maciji, ya cusa jikinsa a ramin wasu duwatsu masu launi a ƙarƙashin ruwa, kansa kaɗai a waje, baki a buɗe, haƙora kamar ƙaya. Kuna ta mamaki. Na ce muku ai yana da 'yar'uwa a nan fadamarmu, gaiwa, ita ma rami ne gidanta, ita ma ba ta son baƙo. Kuka yi dariya. Ɗayanku ya ce wai kamun gaiwa ba su ba ne, tonon rogo ne: kifi yana barci a ƙasa, ka je da dagi ka ɗauko. To, wanda ya faɗi haka ya zo ya duba babban yatsana na hagu kafin ya ci gaba da karatu. Rogo bai taɓa yi wa kowa irin wannan aski ba.

Aikin farko da Kawu Bukar ya ba ni ba tono ba ne, saurare ne. Kawu Bukar wan mahaifiyata ne, shi ya koya mini sana'a, kuma kwarin nan da ke bayan gari, hanyar Auyo, da kuke kira Kwarin Kawu, sunansa ya ci. Da rani, bayan ruwa ya janye ƙasa ta tsattsage, sai ya miƙo mini sanda ya ce in bi bayansa. In ya ga ɗan rami kamar bakin kwalba, gefensa sumul, sai ya tsaya ya buga ƙasa da gindin sanda, ya sa ni in kwanta in manna kunne. In kaguwa ce ko kwaɗo, shiru za ka ji. In gaiwa ce, sai ka ji ƙasa ta yi maka ɗan gurnani, kamar tsoho da aka tasa daga barcin rana. Rani guda na yi ina kwanciya ina tashi a kwarin nan, kunnena ya yi kanta, ban taɓa dagi ba. Da na yi ƙorafi, Kawu ya ce hannu kowa yana da shi, kunne ne ake saye.

Ga yadda take shiga. Idan ta ga ruwa ya fara ƙafewa, sauran kifaye suna ta tsalle suna jiran shaho da belbela, ita sai ta sa kai cikin laka tana ci tana fitarwa ta gefen wuya, har ta yi zurfin kamu biyu ko fiye. Can sai ta naɗe, ta rufe fuska da wutsiya, baki yana kallon sama. Yauƙin jikinta ya bushe ya zama mata riga, siririya kamar ɓawon albasa. Ta bar hanyar nan da ta shigo a buɗe, ta nan take shan iska. Ba ci, ba sha. Jikinta take ci a hankali har ruwa ya dawo, shi ya sa wadda aka tono farkon rani ta fi ta ƙarshen rani tsoka. Abu ɗaya ne ke tashinta: ruwa. Ku riƙe wannan, don ni da na shekara arba'in ina gaya wa mutane, akwai ranar da na manta.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Dagi, fartanya mai gajeriyar ƙota, sanda, kaba ta ɗauri, da buhu. Dagin da nake aiki da shi har yau na Kawu ne. Na canza masa ƙota ban san sau nawa ba, na kai bakin maƙera ma an sake shi, amma dai na Kawu ne, kada wanda ya yi mini gardama. In gaiwar yanka kake so, ka bi ramin kai tsaye, ka fasa rigar, ka danne wuya da sanda kafin ta gane abin da ake ciki. In ta ajiya ce, aikin daban ne. Za ka yi nesa da ramin, ka zagaye shi da tono, ka shiga ƙarƙashi, ka ɗago ta da dunƙulen ƙasarta gaba ɗaya, girman tulu, ba tare da ya tsage ba. Ka ɗaure da kaba, ka ajiye a inuwa inda ba lema, ramin numfashi yana sama. A haka za ta yi watanni da ranta. Firji ke nan tun kafin a kawo wuta, kuma ba ruwansa da ɗauke wutar.

Da damina kuwa wata dabba ce daban. Namijin yakan haƙa gida a cikin ciyawa, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ƙofa biyu, ya kwanta yana gadin ƙwai. A lokacin ko saniya ce ta taka wurin sai ta sani. Haƙoranta ba tsini gare su ba irin na kifinku na waya, faranti ne biyu kamar dutsen niƙa, da su take fasa dodon koɗi. Kifin tekun nan yanka yake yi, ita murƙushewa take. Wani abin kuma: kifi ce, amma in ta maƙale a kalli, ragarmu ta su, a ƙarƙashin ruwa ta kasa leƙowa ta shaƙi iska, nutsewa take yi ta mutu. Na gaya wa wani malamin makaranta haka ya ce ba ya cikin littafi. Na ce ya yi haƙuri, gaiwar ba ta karanta ba.

Masu saye iri uku ne. Akwai masu tuwo na tashar Hadejia, su da rai suke so, su ga tana motsi. Akwai fataken da ke loda banda zuwa Kano da Kudu, su kuma sai an yayyanka gunduwa-gunduwa an kyafe, don kada mai saye ya ga tsawonta ya ce maciji ne. Bandar nan aikin kakarku ne, kuma ba na ja da ita a kai. Sai iri na uku, waɗanda ba saye suke yi ba. A garinmu, in aka aiko daga gidan mai jego ko gidan majinyaci ana neman gaiwar romo, kuma kana da ita, ba ka hanawa. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma wanda ya karya ta, jikokinsa ma sai an goranta musu. Kakarku kuwa ba ta jira a aiko. In ta ji guɗa a ƙarshen gari, kafin a binne cibiya kwanonta ya isa.

Kawu yana da tasa dokar. Gefen kwari na arewa, daga tsamiya zuwa bakin kurmi, ba a tono. Iri ke nan. Kowace shekara a nan manya ke kwana, damina ta zo su tashi su cika kwarin da 'ya'ya. A zamaninsa dokar ba ta da wuyar bi, domin ko an yi ɓarna, kogi zai cika ya turo sababbi ta mashigi.

Sai ciyawar kacalla ta zo. Kun taso kun same ta, kuna ganin kamar da ita aka halicci duniya. A hankali ta toshe mashigin da ke kawo mana ruwan kogi, har Kwarin Kawu ya koma ruwan sama kaɗai ke cika shi. Daga nan ba gaiwar da za ta shigo daga waje. Abin da ke kwance a ƙasa shi ne duk abin da muke da shi. In ya ƙare, ya ƙare.

Shekarar da nake ba ku labari, Kawu ya daɗe da rasuwa, ni ne babba a kwarin. Damina ta yi gardama, gero bai yi ba, shinkafa ta ƙone a tsaye. Da rani ya shigo, mutanen da ba su taɓa riƙe dagi ba suka fito, har daga garuruwan da ba mu sani ba, a kan babura. Ba su saurare, ba su zaɓe, sara kawai suke yi, babba da ƙarama duk a buhu. Na kai ƙara wajen Bulama, mai garinmu, ya tara mutane ya yi magana, aka ce to. Washegari aka ƙetare tsamiya. Ban ga laifin kowa sosai ba. Mai yunwa ba ya ganin iyaka. Amma na san in aka kai ƙarshen rani a haka, kwarin zai cika da ruwa ba komai a ciki sai kwaɗi.

Don haka na shiga gefen arewa da kaina, na karya dokar Kawu don in tsare ta. Na zaɓi manya, na ɗago su da dunƙulensu, kusan ashirin, ina kawowa a amalanke ƙarƙashin karan dawa. Niyyata in riƙe su a bushe har damina ta zauna kwarin ya kama ruwa sosai, sannan in mayar. Ruwan farko ba ya cika kwari, jiƙa shi kawai yake yi. Gaiwar da ta tashi a ruwan farko ba inda za ta.

Saura wurin ɓoyo. Ɗaki ba zai yiwu ba, rumbu ba zai yiwu ba, duk hannun kakarku yana kaiwa, kuma a shekarar mata kamar sun haɗa baki, kowane lungu jego. Na san in ta gani, kafin wata ya mutu irin kwarin duk ya zama romo. Nan ne ilimina na aji huɗu ya motsa. Katangarmu ta gabas, wadda ke kan lungu, samanta ya zube tun daminar da ta wuce, ina ta alkawarin gyara. Na kwaɓa ƙasa, na yi tubali, na hau gini ranar da ta tafi biki Miga. A layin ƙarshe na sama, maimakon tubali, na jera dunƙulen gaiwa, kowanne ramin numfashinsa yana kallon sama yadda ya kamata, na bi da yaɓe siriri, na ɗora ƙaya a kai kamar don ɓarayi. Na sauko na ja da baya na duba aikina. Ban taɓa ganin injiniya irina ba.

Maƙwabcina Malam Idi ya tsaya ya tambayi dalilin da katangar ta yi ƙaton kai. Na ce sabon yayi ne, haka ake yi yanzu a Kano. Ya ce Allah ya sa alheri. Kakarku ta dawo, ta duba, ta ce sannu da aiki, ba ta ƙara ba. Da ma a gindin katangar nan turminta yake. Ba a jima ba na ga ta janye shi ta mayar gindin darbejiya. Ban tambaya ba. Namiji mai manyan tunani ba ya bin diddigin turmi.

Aike kuwa bai fasa zuwa ba. Wadda ta fi matsa mini ita ce Gwaggo Asabe, matar ɗanta ta haihu, ta zo da kanta har sau biyu. Na buɗe mata hannuwa, na ce ta shiga ɗaki ta duba, ta leƙa rumbu. Ban yi ƙarya ba. Ba wanda ya ce a duba katanga. Ta tafi tana cewa ba komai, irin ba komai ɗin da ke nufin akwai komai.

Da zafi ya tsananta, sai kakarku ta ɗauko tsohon tamfol ɗin da muke shanyar shinkafa, ta yafa shi a kan kusurwar katangar, ta danne gefe da duwatsu, ta tokare tsakiyar da kara ya yi tozo. Ta ce a ɗaki gara ke cinsa. Raina ya ɓaci, don ina tsoron ya toshe musu iska, amma ba halin in ce ta cire sai na faɗi dalili. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce yana ɓata wa ginin kyau. Ta ce ginin ya yi haƙuri. Haka na riƙa zagayawa in ba ta nan ina ɗaga gefen tamfol ina saurare, kamar ɓarawo a gidansa.

Shirina shi ne kafin ruwan farko in sauke su, in san dabarar da zan yi. Kuma ni ba a koya mini karatun sama. Na duba gawo, bai gama zubar da ganye ba. Na duba shamuwa, ɗaya-ɗaya ce ta iso. Na yanke hukunci cewa da sauran lokaci, na hau babur na tafi kasuwar Hadejia sayen zaren kalli. Ina cikin ciniki bayan azahar iska ta juya. Na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin. Gabas, inda katangata take, inda kowane hadari na ƙasar nan yake fitowa tun zamanin kakanni. Na jera gaiwa a layin sama, na buɗe wa kowacce mazurari, na fuskantar da su inda ruwa ke bugowa. Ko da gangan aka ce in tashe su, ban san abin da zan ƙara ba.

Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma hanya ta zama kunu, rabi mun hau rabi mun tura. Muka iso da la'asar ruwa yana tsagaitawa. Tun daga bakin lungu na ji hayaniya. Kan katangar ya narke ya zubo, lungu ya zama rafi, ga gaiwa nan manya-manya suna jan ciki a cikin taɓo, mata da yara da bokitai da kwanduna ana ta wawa. Ana cewa an yi ruwan kifi. Malam Idi yana tsaye da ɗaya a cikin buhu yana bayani cewa ya taɓa jin ana yin haka a ƙasashen gabas.

Ku duba matsayina. Abin da aka tsinta a lungu na mai tsintuwa ne. In na ce nawa ne, to na faɗa wa gari da bakina cewa ina da gaiwa ashirin na hana mai jego. In na yi shiru, irin kwarin yana tafiya tukunya ina kallo. Na zaɓi hanya ta uku, wadda ta fi duka wauta. Na hango babbar cikinsu ta nufi kwata, na yi tsalle na cafke ta da hannu, ba sanda, ba buhu, ni da na hana mutane yin haka tun kafin a haifi iyayenku. Kifin da ya yi wata da watanni bai ci komai ba. Ta juyo ta karɓi kan yatsan nan, na ji ƙas, kamar an fasa gyaɗa. Na sake ta, ita ba ta sake ni ba sai da ta ga dama. Ina durƙushe a taɓo riƙe da hannu Gwaggo Asabe ta wuce da biyu a bokiti. Ba ta dube ni ba. Ta dai ce, yadda zan ji, Allah mai bayarwa ba sai an roƙi masunci ba.

A cikin gida kakarku ta wanke yatsan da ruwan gishiri ta ɗaure, kafin a kai ni wurin mai allura. Ba ta tambaye ni komai ba. Da na dawo, na lallaɓa kusurwar katanga na ɗaga tamfol. Ƙasan a bushe. Dunƙule biyar suna nan yadda na sa su. Na ƙwanƙwasa ɗaya da hannun da ya rage mini, ya yi gurnani. A ranar dai na sauke girman kai na yi mata bayani, ta saurara kamar sabon labari, sannan ta ce in kawo su ƙarƙashin gadonta. Na leƙa na ga wurin a share, har an jera bulo an ɗora katako saboda lema. Na ce a raina mace mai tsafta ce.

Aike ya ci gaba da zuwa, ita ke fita ta amsa. Ban san abin da take ce musu ba, na dai ga kajinta suna raguwa ɗaya bayan ɗaya.

Da damina ta zauna kwarin ya kama ruwa har gindin tsamiya, muka kai su a amalanke, ni da ita da Bulama da Malam Idi, wanda zuwa lokacin ya gane daga wace ƙasar gabas aka yi ruwan kifi. Na ajiye dunƙulen a ruwa iya ƙauri. Ƙasar ta jiƙa, ta saki, rigar ta yi laushi ta yage. Sai ka ga wutsiya ta zame daga fuska, ta miƙe a hankali kamar mai ciwon baya, ta leƙo ta ja iska, ta juya ta shige ciyawa ba sallama. Biyar ɗin duk sun tashi. Ban san nawa ne maza nawa ne mata ba, gaiwa ba ta faɗa. Amma kafin ruwa ya janye na ga gida mai ƙofa biyu a gefen arewa, na zura sanda a ciki, mai gadin ƙwai ya cafke ta. Gaiwar da kuke tonowa yau kuna cewa rogo, jikokin biyar ɗin nan ne.

A bakin ruwan, ganin sun tashi, sai bakina ya buɗe. Na yi wa Bulama jawabi a kan hangen nesa. Na ce asarar sha biyar ba komai ba ce a kimiyance, dabarar katanga ita ta ceci kwarin, kuma sirrin ya tsaru har matar da ke kwana a gidan ba ta sani ba. Tamfol kuwa, na ce, sa'a ce, kuma sa'a mai dabara take bi. Bulama yana gyaɗa kai. Na juya na tambayi kakarku ko ba haka ba ne.

Tana wanke ƙafarta a ruwa, ba ta ɗago ba.

"Malam, tun ranar da na dawo daga Miga na sa taɓarya a turmi katanga ta amsa mini. Tamfol ɗin ne iyakarsa ke nan, da ya kai da na rufe duka."

Na ce to me ya hana ta yi magana, da an sauke su tun da wuri.

"Ka ce mini akwai wani abu a ciki? Ni ka ɓoye wa, da nake tambaya kafin in ɗauka. Hadarin da ka bar wa ajiya, ya tambaye ka?"